Wasiƙar da Baba Ya Aika Saboda Jirgin Yayana

Ƙaurin wayar lantarkin da ta ƙone, shi nake fara ji duk lokacin da na tuna ranar, kuma ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Yayana mai ciwon sikila ne, ga shi da burin tuƙa jirgin sama. Da kawunmu ya kawo masa tsohuwar kwamfuta da faifan koyon tuƙin jirgi, sai ɗakinmu na Kafanchan ya zama sararin samaniya. Ni ce mai zama a gefensa ina kallon gajimare. Tashi ya iya, sauka ce ta gagare shi.

"Fasinja, ɗaura bel," yakan ce mini. "Yau dai ba zan kashe ki ba."

Ranar nan da hantsi aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi hayaƙi ta mutu. Maƙwabcinmu, shugaban wata makaranta, ya ce zai aro mana ta ofishinsu tunda ana hutu. Yayana har da tafi.

Amma Baba ya ɗauko takardar lasisin da ta zo da faifan, ya sa tabarau. Shekarunsa na aiki duk a tashar jirgin ƙasa ya yi su, inda tsallake doka ɗaya ke cin rayuka. Takardar ta ce a yi amfani da faifan a gida kawai, a kwamfuta ɗaya, ban da makaranta.

"Haba maigida, wa zai gani?" in ji Mama.

"Allah zai gani. Zan rubuta masu, su ba mu izini."

Da hannunsa ya rubuta wa kamfanin da ya yi faifan can ƙasar waje, ni na kai gidan waya. Kullum yayana sai ya tambaye ni, "Fasinja, an ba mu izinin sauka?" In ce masa sai gobe.

Ciwo ya tashi da damina, yayana bai ga kaka ba.

Na daɗe ina jin haushin Baba, ban gane cewa shi ma jira yake ba. Yanzu na san ana iya riƙe gaskiya a kuma yi latti, don haka ba na ce wa marar lafiya ya jira gobe.

Sai bayan rasuwar Baba na buɗe Littafi Mai Tsarki nasa, na tarar da amsar kamfanin a ninke, ta yi laushi don yawan taɓawa. Ta iso makonni uku bayan jana'izar yayana. Sun ce tunda a gida za a yi amfani da faifan, kuma kwamfutar farko ta ƙone, ba ma buƙatar izinin kowa.