Gidan da Zahida Ta Taɓa Mallaka

Duk wanda ya taɓa cin wainar Juma'a a unguwar Al-Badi'a ya san Hajiya Zahida. Direbobin ofishin jakadanci suna kiranta Hajiya Ba-Gyara, don ko birgima mutum zai yi ba ta ɗora masa guda a kan kuɗinsa. A Riyad aka haife ta. Kakanta ne ya taho hajji a ƙasa daga Haɗeja, da ya gama ya waiwaya ya dubi tsawon hanya, ya ce ƙafarsa ta yi ritaya. Ta haka jikarsa ta tashi 'yar ƙasa.

Mijinta Lado kuwa igama kawai gare shi, takardar zaman baƙo. Shekara ashirin yana sauke kwalayen tumatir a kasuwar Al-Aziziya, har ya kai shi ke sa a sauke. Da ya tara kuɗin gida aka tuna masa shi baƙo ne, sai aka rubuta sunan Zahida a takarda.

"Ke ce mai gida," yakan ce mata, "ni ɗan haya ne, kuma ba na biya."

A 2012 ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, bai tashi ba. Yana da uwa a Gumel, da 'ya'ya uku da matarsa ta fari ta rasu ta bari. Ba wanda ya isa ya karɓe gidan nan a hannun Zahida. Ita da kanta ta ce takarda tata ce, gida na Lado ne. Aka sayar, aka raba gado, ta karɓi tumunin takaba, ta koma haya ita da ɗanta Kamil. Mutane suka yi ta yaba mata na wata guda, suka koma harkokinsu.

Shekara shida tana zuba ƙullu a tanda kafin ta samu wani fulat mai ɗaki biyu, riyal dubu ɗari huɗu. Banki ya yarda da sauran, ita kuma ta kakkaɓe duk abin da ta tara. Saura harajin da aka shigo da shi a shekarar, biyar cikin ɗari, dubu ashirin ke nan. Dillali ya ce kada ta damu, ana ɗauke wa ɗan ƙasa mai sayen gidan farko. Ya ce ta dai kawo shaidar hakan daga hukuma kafin Alhamis, don akwai wani mai so.

Ma'aikacin da ta tarar a ofis mutum ne mai ladabi, ya khala yake ce mata, wato inna. Ya daɗe yana kallon kwamfuta.

"Ya khala, kin taɓa mallakar gida ai."

"Na mijina ne."

"Sunanki ne a nan. Shekara tara."

"Sunan ne nawa."

"To ai suna muke dubawa, ya khala."

Ta ce na gode. Ba ta ji fushi ba, ba ta ji komai ba. Abin da ta lura da shi kawai, sanyin ofishin ya yi yawa, kuma takalminta na hagu ya fara buɗe baki.

A mota Kamil ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Umma, a sa nawa mana."

"Kai da ka gaji fasfon ubanka?"

Ya ƙara wa motar wuta.

Ƙaninta Nu'uman, wanda bai taɓa mallakar ko kejin kaza ba, ya zo da yamma ya zauna gaban tanda kamar an gayyace shi.

"Yaya, ni fa a kwamfuta sabo nake fil. A rubuta ni, ki zauna abinki."

"In ka mutu fa?"

"Haba Yaya! Daga taimako sai likkafani?"

"'Ya'yanka bakwai. Wane ne cikinsu zai ce takarda tamu, gida na Gwaggo?"

Ya buɗe baki, ya cusa waina a ciki.

Ranar Laraba ta ɗauki waya ta kira mutum huɗu neman rancen dubu ashirin ɗin. Biyu suna Najeriya hutu, ɗaya ya yi mata addu'a mai tsawo, ɗaya ya tambaye ta ko ranar Juma'a za a samu miyar taushe. Ta ce za a samu.

Ranar Alhamis dillali ya kira tana wanke shinkafa. Ta saurare shi har ya gama ba da haƙuri, ta ce ya ba wancan ɗin, Allah ya sa albarka. Ta goge hannu a zani, ta sauka ƙasa wurin mai gidan hayar, ta sa hannu a kan wata shekarar. Ya ce an yi ɗan ƙari. Ta ce to.