Zanen da na hau dutse da shi

Ranar da lissafina ya fito, ihun da na yi sai da kajin Inna suka watse. Wata uku ina fama da shi! Furojet ɗina na ƙarshe a jami'a kan na'urar da ke hango ƙananan abubuwa da ilektiron ne. Madubinta maganaɗisu ne, kuma yana da wani mugun hali: ilektiron da suka bi ta tsakiya sukan haɗu wuri ɗaya, na gefe sai su lanƙwashe da wuri, hoto ya yi dishi-dishi. Aikina in lissafa girman wannan kaucewar. Ranar nan dai lissafin ya zauna daram, ba ƙarya.

Matsalar ina gida, ƙauyenmu gaba da Yargoje, netwok kau sai an hau dutsen bayan gari. Lakcarana ya ce in turo kafin Juma'a. Inna ta ce, "Kada ka hau dutsen nan." Na ce mata minti biyar ne, shap-shap.

Ina sama ina ɗaukar shafukan littafin lissafina hoto ina turawa, yatsana kamar inji, sai na lura gonakin ƙasa ba kowa. Lokacin yankan gero ne, amma tsit. Sai na ji taku a bayana.

'Yan sa-kai ne su huɗu, da bindigogin toka. Lokacin ana ta neman masu kai wa ɓarayin daji rahoto, kuma an san daga kan dutse suke buga waya. Wanda wannan zargi ya hau kansa ba ya komawa gida.

Babbansu, wani dattijo mai layu a damtse, ya amshi littafin ya tsaya kan zanena: layuka uku da kibiyoyi, duk sun nufi ɗigo ɗaya.

"Wannan mi ne?"

"Baba, hanyar ilektiron ce."

"Daga wane daji suke?"

Wani siriri a cikinsu ya leƙo. "Baba, ga babbar hanya, ga biyu ta gefe, sun haɗu nan. Wallahi kasuwarmu ce. Ga ma yawan baburan ya rubuta."

Da ƙyar na ce a kira malamin lissafin makarantar garinmu. Aka zaunar da ni cikin rana har ya iso a kan kekensa.

Malam ya sa tabarau, ya daɗe yana juya shafuka. Can sai ya yi tsaki, ya buga mani littafin a ka. "Lissafi ne. Kai, sakarai, haka na koya maka? Ga kure nan a shafi na uku!"

Suka yi dariya, ban da dattijon. Ya yage shafin zanen, ya ninke ya sa aljihu, ya ja Malam gefe.

A hanya na ce, "Malam, ina kuren yake?"

"Ko layi ɗaya ban gane ba," in ji shi. "Sun ce in wani abu ya sami kasuwar nan, ni da kai za a nema."

Saƙon ya isa wajen lakcarana, na ci jarrabawa da maki mai zafi, abokai sun sha hotuna a sitatus ɗina na waya. Amma shafin na nan wajen dattijon. Duk ranar kasuwarmu, ko ina nake, wayata na hannuna, kuma ba na latsa komai sai Malam ya samu netwok ya kira ya ce kasuwa ta watse lafiya.