Kamun Bayan da Inna Hajjo Ta Koya Mini

Wata Alhamis, mako guda bayan Babbar Sallah, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, Sabi'u ɗan gidan maƙera ya ɗaga ni ya maka da ƙasa a filin kokawarmu na gindin Dala, karo na huɗu a jere. Na koma gida da yashi a baki, na raɓe bayan randa ina kuka. Kakata Inna Hajjo tana tankaɗe, sai da ta gama ta ce, "Kai da ba ka da ƙirji, me ya kai ka haɗa ƙirji da shi? Zagaya bayansa."

A ruga ta tashi cikin 'yan'uwa maza, kuma ta ce babu wanda ba ta kayar ba kafin a kawo ta birni. Kullum in na ɗebo ruwa na zuba wa tumaki dusa, sai ta ɗaure zani tamau ta tsaya a tsakar gida. In sunkuya in bi ta ƙarƙashin hammatarta, in sarƙe hannuwa a cibiyarta, in manna kunci a gadon bayanta, gwiwata a bayan tata. Da na bar 'yar kafa, sai ta murɗe ta sakar mini ranƙwashi, matan gida na dariya har tuwo ya kama. Takan ce, "Wanda ka kama ta baya ba ya ganin inda zai faɗi, kai ne idonsa. Zaunar da shi ake yi, ba a buga shi."

Bayan wata biyu muka sake karawa. Sabi'u ya kawo hannu, na nutse, sai ga ni a bayansa. Ya fizga, ya juya, ina manne kamar an ɗinke mu. Yara na ihu, "Buga shi!" Ga dutse dab da ƙafarsa, ina jin bugun zuciyarsa a kunnena. Na ja shi gefe, na lanƙwashe masa gwiwa, ya zauna a kan yashi. Da ya tashi ya ce, "Wa ya koya maka?" Kunya ta kama ni, na ce wani mutum ne a Jakara.

Yau filin ya zama shaguna, 'ya'yana kuma a waya suke kallon masu shaƙe juna ta baya. Har Inna ta rasu ban gaya wa kowa a waje gaskiya ba. Sai bara, wurin ɗaurin auren 'yar Sabi'u, na faɗa masa. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ɗaga hannu ya yi wa Inna addu'a. Na so a ce tana raye ta ji na ambaci sunanta.