Ranar da Aka Raba Ƙofar Inna Biyu

Akwai ranakun da mutum ke mantawa da su tun kafin rana ta faɗi, akwai kuma wadda ke zama a ransa har tsufa. Tawa ita ce ranar da mahaifiyata ta je rumfar mai walda a Matameye ta zauna, ta ce ba za ta tashi ba. Ba na jin zan manta da wannan rana muddin ina numfashi.

Abin ya faro ne daga damina. Ruwan wata shekara ya rushe zauren gidanmu, tsohon zauren ƙasa da mahaifinmu ya bari. Yayana, wanda shi ne ɗan farin Inna, yana tafiya cin rani Legas kowace shekara, ya bar matarsa da 'ya'yansa a gidan tare da ita. Da ya tashi gyara bai mayar da zauren ba. Ya ja katangar bulo, ya bar kafa mai faɗi wadda babur zai shige ba sai an sauka ba, ya ce ƙofar ƙarfe za a sa. Yana da hujjarsa. An taɓa shigowa an kwance wa Inna awaki, kuma shi mutum ne da ke kwana nesa da iyalinsa rabin shekara.

Aikin ya ba abokinsa na ƙuruciya, mai walda da ke da rumfa a bakin hanyar tasha. Mutumin ya zuba duk abin da ya iya. Fallen ƙarfe mai kauri, sakata sama da ƙasa, fenti shuɗi, da zanen tauraro na siririn ƙarfe a tsakiya. Babu ko hudar da allura za ta bi. Duk wanda ya je masa da maganar ƙofa sai ya ɗauko shi a babur ya kawo shi unguwarmu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa ya ce, "Ji sautin. Wannan ko banki albarka." Ni ma da na zo daga Damagaram, inda nake aiki a gidan rediyo, na yaba ƙwarai.

Abin da babu wanda ya lissafa a cikinmu shi ne aikin da zaure ke yi. A da mace za ta shigo zaure, ta karkata, ta yi sallama tana tafiya, kafin a amsa ta iso tsakar gida. Yanzu ƙofa na kallon tsakar gida kai tsaye. In an bar ta a buɗe, duk mai wucewa zai ga matar yayana a bakin murhu, awakin Inna su fice, na maƙwabta su shigo kan shanyar hatsi. Saboda haka kullum a rufe take da sakata. Ɗakin Inna kuwa shi ne can ƙurya, kunnenta ya fara nauyi, kuma ko ta ji motsi ba ta da ƙarfin jan ƙofar. Ni ban taɓa lura ba, domin in na iso waya nake bugawa a buɗe mini.

Ranar da nake magana a kai, na iso da hantsi, matar yayana ta buɗe mini fuskarta ba daɗi. Ta ce Inna ta ɗauki sandarta ta fita, ita da ta daɗe ba ta wuce bakin layi ba. Na tambayi dalili, sai ta ba ni labari. Inna na da aminiya a bayan gidanmu, tsohuwa kamarta, wadda suka yi shekara da shekaru suna ɓarar gyaɗa a tabarma ɗaya. Jikinta ya yi rauni, sai 'yarta ta zo daga Tsauni ta ce za ta tafi da ita can. Jiya kafin su tafi tsohuwar ta lallaɓo yin ban kwana. Ta tsaya bakin ƙofa ta yi sallama, ta sake, ta sake, ba wanda ya ji, ƙarfen ya tare muryarta. Wata maƙwabciya da ta gan ta ta ce mata ta ɗauki dutse ta buga ƙarfen. Tsohuwar ta ce, "Ni jandarma ce mai kamen mutane da zan buga ƙofa? Gidan da nake shiga in ɗebi gishiri ba tambaya, yau in ɗaukar masa dutse?" Ta ɗan zauna a gindin katanga, sannan ta koma. Sai da safen nan maƙwabciyar ta gaya wa Inna.

Na bi sawunta zuwa bakin tasha. Tun daga nesa na san akwai magana, domin rumfar da kullum ke cike da ƙarar injin yankan ƙarfe ta yi tsit. Inna na zaune a kan wani gadon ƙarfe da ba a gama haɗawa ba, sandarta tsakanin gwiwoyinta, mayafinta har goshi. Mai walda na tsaye gabanta, ya ɗaga baƙin tabaraunsa bisa kai, hannayensa a baya kamar ɗan lakkol da malami ya kama ya makara. Masu jiran aiki sun ja gefe suna yi kamar ba sa sauraro.

Da ya gan ni ya yi ajiyar zuciya. "Yawwa, ga ɗan rediyo. Zo ka yi wa Inna bayani, kai ka iya magana. Wai in je in cire ƙofar."

Inna ta ce, "Ba wai ba ne. Kai ka sa ta, kai za ka cire."

"Inna, ƙofar nan fa babu irinta a garin nan. Ko ɓarawo ya kwana yana dukanta..."

"Ɓarawo sau nawa ya zo? Mutane fa, sau nawa suka zo suka koma?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai amana aka ba shi, mai gidan ya ce ko fenti kada a canza sai da saninsa. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ni na riƙe ka ranar sunanka, kana ta tsala ihu kamar injin nan naka. Yau ni kake karanta wa amana?" Aka fashe da dariya, har shi. Amma bai motsa ba, ita ma ba ta motsa ba. Na fahimci matsayinsa. Abota ce ta tun yarinta a gefe guda, ga kuma aikin da yake alfahari da shi fiye da kowanne.

Na ce a kira Yaya. Mai walda ya buga, ya buɗe murya kowa na ji. Hayaniyar motocin Legas ta cika rumfar. Yaya bai bari an gama bayani ba ya ɗau zafi. Ya ce shi yana can cikin rana yana wahala don iyalinsa su kwana lafiya, mu muna nan muna son mayar da gidan kasuwa. Ya ce wa abokinsa, "In ka taɓa ƙofar nan, ni da kai sai dai gaisuwa a masallaci."

A nan sai na yi wa mai karatu bayanin wani abu. Inna mace ce ta da, mai tsananin kunyar ɗan fari. Tun tasowata ban taɓa jin ta ambaci sunan Yaya ba, ban kuma taɓa ganin ta fuskance shi da doguwar magana ba. "Wancan" take ce masa. In yana zaune a gabanta ma, mu take gaya wa, "Ku ce wa wancan abincinsa na hucewa." Da farko ma haka ta yi, ta ce mini, "Gaya wa wancan ni ba kaya ba ce da za a kulle." Na faɗa masa. Ya ce in gaya mata don lafiyarta ne, in ya dawo damina za a duba.

Sai ta miƙo hannu. Mai walda ya dube ni, na dube shi, ya saka mata wayar a tafin hannu. Ta riƙe ta nesa da fuskarta yadda ake riƙe kwanon zafi, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke.



Ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Aminiyata ta zo yi mini ban kwana ta koma ba mu gana ba. Ban sani ba ko zan kai daminar da kake faɗa. In na mutu za a rufe ni, akwai masu wannan aikin. Ba sai ka riga su ba."

Ta mayar wa mai walda wayarsa. Na yi shekaru ina aiki da magana, ina auna kowace kalma kafin ta fita, amma ban taɓa jin maganar da ta kai wannan nauyi ba. Can muka ji Yaya, muryarsa ta canza, yana cewa abokinsa, "Yi mata abin da take so." Ya kashe wayar.

Mai walda ya ɗora ƙaramin injin wutarsa da kayan aiki a kurar turawa, muka nufi gida a hankali, daidai tafiyar Inna. A hanya ya yi ta roƙo kada a cire ƙofar gaba ɗaya, ko don yara da dare. A haka muka isa. Ta tsaya jikin ƙofar ta dafa ƙarfen daidai ƙirjinta ta ce, "To yanke ta nan. Ƙasan ya tare awaki. Saman a buɗe shi da rana, in an yi isha'i ku rufe kayanku." Ya ce ai tsakar gida za ta fito fili. Ta ce, "Asabari ya ƙare a kasuwa ne? Ido ba ya ratsa shi, sallama tana ratsawa."

Ya ciro alli ya ja layi daga wannan gefe zuwa wancan. Layin ya bi ta tsakiyar tauraron nan nasa. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Inna, a ɗan sauko da shi ƙasa mana, ko tauraron ya tsira." Ta ce tsawonta ke nan, ba za ta rage ba. Ya sauke tabarau, ya ta da inji. Tartsatsi ya yi ta zuba a ƙasa, matan unguwa suka firfito suna leƙe. Ya ƙara wa kowane rabi abin da zai juya a kai, ya bi bakin yankan ya goge kaifin don kada ya yanki hannu, ya mayar da sakatar ƙasa can sama inda mai zuwa zai zura hannu daga waje ya buɗe da kansa. Na lura bai yi aikin da ƙyashi ba. Da ya gama ya sa Inna ta tura rabin ƙasan da hannu ɗaya, ya buɗe. Ya ce, "An ɓata mini ƙofa, amma aikin ya yi kyau." Inna ta ce Allah ya yi masa albarka, ya ce amin har da shafawa.

Washegari na samo mota na kai ta Tsauni. Aminiyar na kwance, da ta ga Inna ta ce, "Wa ya buɗe ki?" Suka yi dariya har da tari. Sun wuni tare, mu muna waje. Tsohuwar ba ta sake dawowa Matameye ba, a can Allah ya karɓi abinsa, don haka ba ta taɓa ganin ƙofar da aka yanka saboda ita ba. Sauran matan unguwa su suka gani. Da na sake zuwa gida, tun daga bakin layi nake jin muryoyinsu a tsakar gida.

Yaya ya dawo da damina, ya tsaya ya kalli ƙofar, sannan ya shige. Har yau in maganar ta taso yakan ce an lalata masa ƙarfe mai kyau, kuma ba zan ce ba shi da gaskiya gaba ɗaya ba, don bayan nan an sake zare wa Inna ɗan akuya da tsakar rana. Da aka gaya mata cewa ta yi a bar shi, ta fi son a ɗauki akuya da a hana mutane shigowa. Ta koma kiran Yaya "wancan" har ƙarshen rayuwarta. Shi kuwa ya taɓa gaya mini, muna zaune mu biyu, cewa da ya ji sunansa a bakinta sai da ya nemi wuri ya zauna a bakin titi.

Abin da wannan rana ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Dukanmu alheri muka nufa: wanda ya sa a yi ƙofar, da wanda ya ƙera ta, da ni da na yaba. An auna faɗin kafa, an auna kaurin ƙarfe, ba a tambayi wadda za ta wuni a bayan ƙofar ba. Tun daga lokacin, duk sa'ad da na tashi yi wa wani abin da nake ganin kariya ce gare shi, musamman tsoho, nakan fara zama in tambaye shi abin da yake tsoro. Sau da yawa ba shi ne abin da ni nake tsoro ba.