Kwandon Tumatir Daga Kaura

Shekarar da gulbinmu ya janye da wuri, manoman rani na Badarawa suka raba kwanakin ban-ruwa. Maigidana ya samu Litinin da Alhamis. Ko a ranakun nan sai ya tona yashin gulbi har ƙugu kafin injinsa ya ja ruwa. Albasarmu ta fara ja daga bakin ganye don rashin ruwa, kuma ita ce abincinmu har damina.

Ƙanwata tana aure a wajen Kaura Namoda, inda ruwan ke ratsawa kafin ya iso mana. Su babu wani rabon kwana, injin mijinta kullum aiki yake.

Wata Juma'a ta kawo mini ziyara da kwandon tumatir, jajaye, manya.

"Yaya, ku taya mu ci," ta ce. "Bana ya yi muna yawa, har ruɓewa yake."

"Allah Ya ƙara albarka," na ce, ina murmushi. A raina kuwa ruwanmu nake gani cikin kwandon.

Tana tafiya na rarraba shi ga maƙwabta, ban bar ko ɗaya ba. Suna ta sa mini albarka.

Da maigidana ya dawo daga fadama, na ajiye masa tuwo da miyar kuka. Ya dubi kwano, ya dube ni.

"An ce yau kin yi sadaka," ya ce.

Ni kuwa na san ba don Allah na bayar ba. Ganin tumatirin ne ba na so. Har yau ina istigfari a kan kyautar nan.