Mangwaron Rayan ya nuna

Wa ya san wata Rayan ta garin Madani, doguwa mai gilashi? Ku tsaya ku ji dalili.

Baba Mato manomi ne, jinenarshi, wato lambunshi na mangwaro da lemo, tana bakin hanyar shiga dajin Dindir. Da can in rani ya yi, arabiyoyi, motoci ke nan, cike da mutanen birni masu zuwa kallon barewa da jimina sai sun tsaya wurinshi. Shi bai kira kowa ba wallahi, inuwa sunka gani sunka sauka. Matarshi Inna Sharifa ta dafa kofin jabana, ya shimfiɗa angarib, gadon igiya, ƙarƙashin rumfar da muke kira rakuba, su yi ta ɗaukar hoton gwaggon birin da ya ƙare rayuwarshi yana kora. Abin dariya yake ba shi.

To kowane baƙo sai ya ba shi dashe ya dasa da hannunshi, kuma a wurin Baba Mato nunan fari na wanda ya dasa ne, halas, shi ke nan, ba mai taɓawa. Rayan ta dasa mangwaro bakin rijiya ta ce Baba ka ajiye mini zan dawo.

Sai yaƙi ya tashi, hanya ta mutu. Rakuba ta faɗi sau biyu yana tada ta. In ya ji ƙarar mota sai ya fito da sandarshi, ashe tarakta ce.

Bana mangwaron ya yi ɗiya har reshe na taɓa ƙasa. Inna Sharifa ta ce "Malam birai na sha mu muna kallo, su ne Rayan ɗin?"

Ya ce "Su ɓarayi ne, ke ma so kike ki zama?"

Yanzu ɗanshi Bilyamin ya zo daga Damazin ya ce ƙafar Baba ta kumbura da yawa, kafin ruwan fari ya rufe hanya zai ɗauke su. Baba ya ce "Yaro in na tahi wa zai nuna mata nata?" Ya ɗaure ɗiyan mangwaron guda bakwai cikin tsumma a kan reshe saboda birai, kullum da safe sai ya je ya latsa su ya ji ko sun yi laushi. Uku sun faɗi.

Don Allah ku tura wanga saƙo ko'ina, Masar ko Bortsudan ko inda take. Ko murya ce ta aiko ta ce Baba na yafe ku sha, ya samu ya shiga mota.