Ranar da Malam Abdussalam Ya Tura Barau Gaba

Malam Abdussalam bai taɓa buga ƙwallo ba, amma hakan bai hana shi horar da ƙungiyar unguwarsu a Anka shekara tara ba. A Tungar Guru aka haife shi, ya yi karatun malanta, ya zo Anka yana koyar da Turanci a firamare. Da safe yara, da yamma ƙarti. A ganinsa, tunda Bature ne ya ƙirƙiro ƙwallo, duk wanda ya gane kalmominta ya gama da ita. Saura gudu kawai, gudu kuwa ko akuya ta iya.

Don haka da ƙamus yake fara atisaye. Sai ya zaunar da 'yan wasa a gindin darbejiya, ya buɗe littafin da bangonsa ya daɗe da tafiya.

"Atak, kai hari ke nan. Difens, kare gida. Makin kau, ka manne ma mutum awa kaska, in ya tahi shan ruwa ka riƙa mai kwano. Takil, ka raba shi da ƙwallo, ba da ƙahwatai ba."

Duk sun haddace. Kofi ne dai bai taɓa zuwa ba.

A shekarar 2014 suka kai wasan ƙarshe na gasar samarin Anka da Gummi da Bukkuyum. Ana saura kwana biyu, Alhaji Sanusi mai taki, shugaban ƙungiya, ya tare shi a kasuwa.

"Malam, ba raini ba. In kofin ga ya tahi Gummi, Sadiq za mu ba yaran."

Sadiq ɗin bai jima da dawowa daga Gusau ba, da usur a wuya da takalmi mai ƙusa. Malam ya ce Allah ya kai mu, ya tafi gida bai sayi abin da ya kawo shi ba.

Ranar wasa fili ya cika har kan katangar makaranta. 'Yan Gummi sun zo a babura sama da hamsin, suna ta hon. Malam bai damu ba, don yana da Barau a baya, Bafillacen da ya tashi yana tare shanu. Wanda ya saba tare bijimi, ɗan Adam ba ya wuce shi.

Minti goma, lamba tara na Gummi ya taho da ƙwallo. Barau ya sunkuyar da kai, ya ja gefe, ya ba shi hanya kamar an zo wucewa da gawa. Raga! Fili ya ɗauki ihu.

"Makin! Barau, makin!" Malam yana tsalle, hularsa a hannu.

Lamba tara ya sake tahowa, Barau ya sake duban ƙasa. Turken raga ne ya cece su. Can gefe Sadiq ya fara shafa usur ɗinsa.

Da aka tafi hutu Malam ya yi kansa. "Mi ya same ka? Na hwaɗa maka ma'anar makin ko ban hwaɗa ba?"

Barau ya shiga tona ƙasa da yatsan ƙafa. Kamilu, kyaftin, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Malam, lamba taran nan Isa na, wan Lubabatu. Watan jiya Barau ya auro ta daga Gummi. Ko sunanai ba ya hwaɗi, kai kau ka ce ya sa mai ƙahwa!"

Malam ya dubi ƙamus. Babu suruki a babin difens. Ya dubi 'yan Gummi suna shan ruwa, ya ga mai tsaron bayansu, wani dogo, kamarsu ɗaya da Isa.

"Wancan hwa?"

"Maikuɗi, ƙanen Lubabatu."

Barau ya ɗago kai a karo na farko. "Wanga ɗan banza? Ran biki shi ya ɓoye min takalmi, na koma ruga ba takalmi."

Wan mata abin kunya ne, ƙanen mata kuwa abokin wasa, kowa ya sani. Malam ya rufe ƙamus da ƙarfi.

"Kamilu, kai ba ka da mata Gummi, ba ka da kunya ko'ina. Koma baya ka riƙe Isa. Barau, gaba! Atak!"

Abin da Barau ya yi wa Maikuɗi a rabi na biyu, har yau ana ba da labarinsa a teburin mai shayi. Ya zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafa, ya zagaya ya ɗauka, yana ce masa, "Ina takalmina, ƙanena?" Ya jefa ta a raga. Ɗaya da ɗaya! Mutane suka zubo daga katanga. Ana saura minti uku aka bugo kwana, Barau ya dafa kafaɗar Maikuɗi ya tashi sama, ya sa kai. Biyu da ɗaya! Malam ya ruga cikin fili da babbar riga, alƙalin wasa yana korarsa, shi yana rungumar alƙalin.

Da aka tashi, Barau ya je ya durƙusa nesa da Isa ya yi masa sannu da ƙoƙari. Alhaji Sanusi ya rungume kofi, ya ce dama shi bai taɓa shakkar Malam ba, Sadiq sai ya riƙa taimakawa da busa usur.

Malam ya ƙara shekara biyar yana riƙe da ƙungiyar. Kafin kowane wasa yakan tara yara ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya inda suka yi aure, da inda suke nema.